Yadda majalisun gunduma ke aiki a tsibirin Moris, da abin da ya shafi kominominmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a jaridarka domin mu sa baki a maganar da ake ta yi a Garwa da Marwa da Ngaundere, a nan arewacin Kamaru, wato dalilin da ya sa mutumin ƙauye bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba idan famfon garinsu ya mutu, alhali an ce an sauko da mulki kusa da shi. Za mu kawo tsarin wata ƙaramar ƙasa, tsibirin Moris da ke tekun Indiya gabas da Madagaska, saboda a can an gina wani mataki a ƙarƙashin ƙaramar hukuma wanda mu ba mu gina ba. Tsarin nasu yana da nasa ciwon, kuma za mu faɗe shi.

Moris ƙasa ce mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,040, mutanenta kimanin miliyan 1.26. Babban tsibirin bai wuce kilomita 65 a tsawo da 45 a faɗi ba. Ta samu 'yancin kai daga Ingila ranar 12 ga Maris 1968. Dokar ƙananan hukumomi ta 2011 ita ke aiki a yau, kuma ta raba ƙasar gida biyu. Birane suna da majalisu 5: babban birni Por Luwi, sai Beau Bassin-Rose Hill, Quatre Bornes, Vacoas-Phoenix da Curepipe. Karkara kuma tana da majalisun gunduma 7: Pamplemousses, Rivière du Rempart, Flacq, Moka, Grand Port, Savanne da Rivière Noire. Kafin wannan doka 4 ne kawai, don an haɗa gundumomi biyu-biyu a majalisa guda, in ban da Rivière Noire. Tsibirin Rodrigues, mai nisan kusan kilomita 600 daga babban tsibirin, yana da tasa majalisar ta cin gashin kai tun 2002, ba ya cikin wannan lissafi.

Ɗan ƙauye a Moris ba ya jefa wa kansilan gunduma ƙuri'a. Majalisar ƙauyensu yake zaɓa. Akwai irin waɗannan majalisu 130, kowace da kujeru 9, wa'adinsu shekara 6. Bayan zaɓe, mutum taran nan su zauna su fitar da shugaba da mataimaki, sannan su zaɓi wanda zai wakilce su a gunduma daga cikinsu, ta ƙuri'ar sirri. Manyan ƙauyuka kan tura mutum biyu. Waɗannan wakilai su ne majalisar gunduma, su ne kuma ke zaɓen shugabanta, wanda ke riƙe kujerar shekara 2 kafin a sake zaɓe. Saboda haka babu ƙauyen da ba shi da baki a teburin da ake raba kuɗin titi da fitila, kuma kowane kansilan gunduma yana da mutum takwas a garinsu da za su tare shi a zaman wata su tambaye shi inda maganar magudanar ruwansu ta kwana.

A nan Kamaru fa? Kominomi, wato ƙananan hukumomi, 360 muke da su, kuma jerin sunaye na jam'iyya muke zaɓa. Komin da mutanenta ba su kai 50,000 ba tana da kansiloli 25, daga nan 31, 35, 41, har 61 ga wadda ta haura 300,000. Doka ta ce jerin ya yi la'akari da kabilun yankin da kuma mata, amma ba ta ɗaure kowace kujera da wani ƙauye ba. Komin mai ƙauyuka sama da ɗari da kansiloli 35, waɗanda da yawansu a hedikwata suke kwana, dole ne a samu garuruwan da babu mai ambaton sunansu a zauren meri, wato ofishin komin, daga farkon wa'adi har ƙarshensa. Zaɓe ta hanyar wakilai ba baƙo ba ne a wurinmu: majalisun jihohi da aka fara zaɓa ranar 6 ga Disamba 2020 kansiloli da sarakuna ne suka zaɓe su, kujeru 90 a kowace jiha, 70 na wakilan sassa, wato yankunan da aka raba jiha zuwa gare su, 20 na sarakunan gargajiya. Mun ɗaura matakin sama, na ƙasa ne babu.

Ayyukan da aka ɗora wa majalisar gunduma a Moris ba su da yawa, kuma a fili suke. Ita ke kula da ƙananan tituna na cikin ƙauyuka, fitilun hanya, magudanan ruwa, kwasar shara, kasuwanni da rumfunansu, tashoshin bas, filayen wasa, ɗakunan karatu, da maƙabartu. Ƙasa ce mai Hindu da Kirista da Musulmi, don haka majalisa na kula da maƙabartu da kuma wuraren ƙona gawa na Hindu. Ita ce kuma ke ba da izinin gini. Ruwan famfo, lantarki, manyan hanyoyi, makarantu da asibitoci duk suna hannun gwamnatin tsakiya da hukumominta. Majalisar ƙauye kuwa nata ƙarami ne: zauren taron ƙauye, wasannin matasa, ajin yara kafin firamare, koyar da ɗinki da sana'o'i, da ƙananan ayyukan tsafta, da kuɗin da ke zuwa mata ta hannun gunduma.

Ka dubi wannan, Malam Edita, ka dubi abin da dokarmu ta 24 ga Disamba 2019 ta ɗora wa komin: gina ajujuwa da kayan aikinsu, cibiyoyin lafiya, rijiyoyi da foraj (rijiyoyin burtsatse), hanyoyin karkara, kasuwannin dabbobi da mahauta, rajistar haihuwa da aure da mutuwa, dashen itatuwa. Komin ɗinmu ta fi gundumar Moris nauyi a kai nesa ba kusa ba, kuma ƙasar da take ɗauka ta fi faɗi. Sashen Mayo-Rey kaɗai ya haura murabba'in kilomita 36,000, ya ninka Moris gaba ɗayanta kusan sau 18, kuma kominomi 4 ne a cikinsa: Rey-Buba, Tcholliré, Tuboro da Madingring. Idan mutanen da motar shara ke iya zagaye gundumarsu a wuni guda sun ga suna bukatar majalisar ƙauye, ina ga mu, da mayo, wato kogi, ke raba ƙauye da hedikwata tsawon damina?

A cikin ofis, gundumar Moris tana da sassa 6: mulki, kuɗi, tsara filaye, ayyukan gine-gine, lafiyar jama'a, da jin daɗin jama'a. Babban jami'in ofis ma'aikaci ne, kamar sakatare janar na meri a wurinmu. Abin lura shi ne shugaban majalisa ba ya ɗaukar ma'aikata. Wata hukuma ta daban da dokar 1975 ta kafa ita ke ɗauka, ta yi ƙarin girma, ta ladabtar, tun daga injiniya har mai shara, a dukkan majalisun ƙasar. Amfaninsa shi ne sabon shugaba ba ya zuwa da 'yan uwansa ya cika ofis, kuma wanda ya san inda taswirar magudanan ruwa take yana nan bayan zaɓe. Illarsa jinkiri ne. Gurbi kan daɗe babu kowa ana jiran hukuma, kuma ma'aikacin da ya san shugaba ba zai iya korarsa ba yakan yi sanyin jiki. Duk da haka muna ganin wannan ya fi abin da aka saba gani a kominomi da dama, inda albashin ma'aikatan wucin gadi ke cinye kuɗin shiga, bashin albashi ya taru wata da watanni, alhali babu ƙwararren mai gyaran famfo ko ɗaya a cikinsu. Makarantar horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi da ke Buea tana yaye mutane, sai dai horo ba ya amfani idan kujerar da ya kamata mai horon ya zauna an riga an ba wani.

Izinin gini shi ne wurin da tsarin Moris ya fi burge mu, don haka bari mu bi shi daki-daki. Mai gini yana shigar da takardunsa ta intanet: takardar mallakar fili, zanen ginin, zanen da ke nuna inda filin yake da tazarar ginin daga titi da maƙwabta, da amincewar hukumomin da abin ya shafa. Idan masana'anta ce ko wurin da zai dami jama'a, sai an kafa allo a filin an kuma sanar a jarida, domin mai ƙorafi ya kawo. Sashen tsara filaye ya duba ko ginin ya dace da tsarin yankin, sashen gine-gine ya duba ƙarfinsa da hanyar ruwan sama, sashen lafiya ya duba masai da ramin ƙazanta. Daga nan takarda ta je gaban kwamitin izini, inda shugaban majalisa da wasu kansiloli ke zama tare da babban jami'i da shugabannin waɗannan sassa. Doka ta ba su kwana 14 na aiki daga ranar da takardu suka cika. In sun ƙi, sai sun rubuta dalili. In sun yi shiru har wa'adi ya wuce, ana ɗaukar an amince da zarar mai gini ya biya kuɗin izini. Wanda aka hana kuma yana da kwana 21 ya kai ƙara kotun musamman ta muhalli da filaye.

Inda abin ke lalacewa wuri biyu ne. Na farko, agogo ba ya fara tafiya sai an ce takardu sun cika, don haka ofishin da ke son jan ƙafa sai ya yi ta neman ƙarin takarda ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa shi ne jerin takardu a rubuce, a manne a bango, da rasit mai kwanan wata a ranar da aka karɓa. Na biyu, ba da izini ya fi bin sawu sauƙi. Masu duba gini kaɗan ne, mutum ya karɓi izinin gida ya ƙara ɗaki a kan hanyar ruwa, ba a gani ba sai ruwa ya zo. Ambaliyar 30 ga Maris 2013 da ta kashe mutum 11 a Por Luwi ta tayar da maganar magudanan ruwa da gine-gine a kan hanyarsu, har aka kafa hukumar magudanan ruwa ta ƙasa da dokar 2017. Mu da muka ga abin da ruwa ya yi a Yagwa da Kuseri a 2024 ba ma bukatar a yi mana bayani. Dokarmu ta tsarin birane ta 2004 ita ma ta sa wa'adi ga izinin gini, kuɗinsa kuma kashi 1 cikin 100 ne na ƙimar ginin. Abin da ya rage mana shi ne rasit mai kwanan wata, da mai duba gini da ke da babur da mai.

Shara ma tana da darasi. Majalisa ce ke kwashewa daga ƙofar gida, da motocinta ko na 'yan kwangila, ta kai ɗaya daga tashoshin tara shara 5, daga can manyan motoci su kai Mare Chicose, babban jujin ƙasar tilo, wanda aka buɗe a 1997 a gundumar Grand Port. Juji da tashoshin na gwamnatin tsakiya ne. Rabon aikin a fili yake, amma dogaro da juji ɗaya ya jawo wahala: wari da ƙazanta sun sa an tashi mutanen ƙauyen da ke kusa, wurin ya cika, kuma a Nuwamba 2024 gobara ta kama shi ta daɗe tana ci. Komin da ke shirin ware filin juji a yau ta ware shi nesa da gidaje da rijiyoyi da hanyar mayo, ta kuma hana a yanka filaye a kewayensa, don gari yana bin juji ya same shi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce raunin gundumar Moris. Mafi yawan abin da take kashewa, da nisa, tallafi ne daga gwamnatin tsakiya. Harajin gidaje a birane ake karɓarsa, karkara ba ta biya, kuma tun Yulin 2022 an ɗauke shi daga gidan da iyali ke zaune a ciki ko a birnin. Abin da ya rage wa gunduma shi ne hayar rumfunan kasuwa, kuɗin izinin gini, kuɗin lasisin sana'a, kuɗin allunan talla da makamantansu. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, kasafin sai minista ya amince, kuma babban mai binciken kuɗi na ƙasa ne ke duba littattafan. Tallafin yana zuwa, albashi ba ya makara, amma kusan duka a albashi da shara da kuɗin wutar fitilun hanya yake ƙarewa. Manyan ayyuka, kamar sabuwar kasuwa ko babbar kwalbati, sai an roƙa daga sama. Ga kuma wani sashe na gwamnatin tsakiya mai kula da ayyukan raya mazaɓu, wanda shi ma yana yin tituna da magudanan ruwa a cikin ƙauyukan nan, ya gama ya miƙa wa gunduma ta kula da su ba tare da an ƙara mata kuɗin kulawa ba. Wannan ciwo mun san shi: foraj da wani shiri ya haƙa ya tafi, ba a bar wa kowa kuɗin roba da sarƙa ba.

A wurinmu doka ta ce kason da gwamnati za ta ware wa kominomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta, kuma magadan gari sun sha kokawa cewa abin da ke isowa bai kai haka ba, kuma yana makara. Akwai miliyan 100 na sefa da kowace komin ke samu a shekara don ayyuka, akwai ƙarin kashi 10 cikin 100 da ake ɗorawa a kan wasu haraji na ƙasa, wanda FEICOM, asusun tallafa wa kominomi da aka kafa a 1974, ke da hannu wajen rabawa. Miliyan 100 ɗin daidai wa daida ake ba kowa, ƙaramar komin ta cikin gari da Tuboro duk ɗaya. A ganinmu wannan ba adalci ba ne, ya kamata yawan jama'a da faɗin ƙasa su shiga lissafi.

Abu biyu kuma da bai kamata mu ɓoye ba. Na ɗaya, ɗage zaɓe. A Moris zaɓen ƙauyuka da ya kamata a yi a 2018 sai Nuwamba 2020 aka yi shi, na birane kuwa daga Yunin 2015 ba a sake ba sai Mayun 2025, saboda majalisar dokoki na iya gyara dokar ta ƙara wa'adi. Mu ma an ƙara wa kansilolin da aka zaɓa ranar 9 ga Fabrairu 2020 wa'adi bayan shekara 5 ɗinsu. Kansilan da ya san ranar hisabinsa na iya matsawa ba ya jin tsoron mai ƙuri'a kamar yadda ya kamata. Na biyu, mata. Dokar 2011 ta hana kowane rukunin 'yan takara ya tsayar da fiye da kashi biyu cikin uku daga jinsi ɗaya, kuma a zaɓen 2012 kason mata a majalisun ya tashi daga kusan 6 zuwa kusan 26 cikin 100. Amma ƙa'idar a kan 'yan takara ta tsaya. Idan mutum tara suka shiga ɗaki don fitar da wakilin gunduma, namiji suka fi fitarwa, sai matan su ragu a matakin da ake yanke maganar kuɗi. Haka kuma zaɓen da mutum tara kaɗai ke yi ya fi sauƙin saye da alkawari fiye da na mutum dubu, kuma sauya shugaba duk shekara 2 yana sa rabin wa'adi ya tafi a ƙulle-ƙullen wanda zai gaje shi.

Akwai bambanci babba da ba za a tsallake ba. Moris ba ta da sarautar gargajiya, don mutanenta duk zuwa suka yi, daga Faransa, da Afirka da Madagaska a zamanin bauta, da Indiya da Sin. Mu muna da lamido da lawan da jauro, waɗanda dokar 1977 ta tsara a matakai uku, kuma duk tsarin da ya zo kamar kishiyar jauro ba zai kai damina biyu ba. Amma ba sai an jira sabuwar doka ba. Dokar 2019 ta riga ta ba da damar kafa kwamitocin unguwa da na ƙauye a cikin komin. Shawara kawai suke bayarwa, sai dai majalisar komin na iya ba su nauyi idan ta so.

Ga yadda muke ganin za a yi. A haɗa ƙananan ƙauyuka bisa ƙasar lawan, yadda kowane kwamiti zai ƙunshi mutanen da ke cin kasuwa ɗaya suna shan ruwa ɗaya. A kira taron gari a rani, bayan an gama girbi, jauro ya buɗe da addu'a ya zauna a matsayin uba, jama'a su zaɓi mutum 9, aƙalla 3 mata, a kuma tabbatar makiyaya da baƙin da suka zauna suna noma suna da kujera, don su ne aka fi mantawa kuma rikicin burtali a kansu yake faɗawa. Ma'aji kada ya fito daga gidan sarauta, domin a kare mutuncin gidan daga zargi. A ba kwamiti littafi ɗaya mai lambar shafi da hatimin meri, a rubuta kowane zama a ciki, ko da boko ko da ajami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: kwamiti ya rubuta bukatu uku kacal bisa fifiko, ya kai meri kafin tsakiyar shekara, lokacin da ake muhawarar alkiblar kasafi, ya karɓi rasit. A naɗa wa kowane kwamiti kansila guda da sunansa, wanda dole ya halarci zamansu sau ɗaya a wata uku ya sa hannu a littafin.

Kuɗin gwamnati ba ya fita sai ta hannun ma'ajin komin, don haka kada a yi wa kwamiti alkawarin tsabar kuɗi a aljihu. Abin da zai yiwu shi ne layi guda a kasafi don gyaran famfuna, da ajiyar kayan gyara a meri na irin famfunan da ke yankin, India Mark II ko Vergnet, wato robobi da sarƙa da bawul da bututu, da yarjejeniya da makaniki ɗaya ga kowane rukunin ƙauyuka, da wa'adi a rubuce: kwana nawa daga kawo rahoto zuwa isowar makaniki. Kuɗin da mata ke tarawa a bakin famfo ya zauna a asusun kwamiti da sa hannun mutum biyu, a karanta lissafinsa a bainar jama'a ranar kasuwa.

Ga masu karatu kuma, zaman majalisar komin a buɗe yake ga kowa, sau ɗaya a kowane wata uku. Ana kaɗa ƙuri'a kan kasafin sabuwar shekara a Disamba, ana duba lissafin shekarar da ta wuce a Maris, kafin a kai wa prefe, wakilin gwamnati mai mulkin sashe. Doka ta ba duk mazaunin komin da duk mai biyan haraji a cikinta damar neman kwafin kasafin da lissafin da rahoton zama, shi zai biya kuɗin kwafi. Muna roƙon jaridarka ta tura wakilanta waɗannan zama biyu a Garwa ta 1 da ta 2 da ta 3, da kominomin karkara irin su Pitowa da Lagdo da Gidar, ta buga da Hausa nawa aka ware wa ruwa, nawa aka kashe, da sunayen ƙauyukan da aikin ya isa.

Allah ya ƙara wa jaridarka albarka. Wassalam.

Naka,
Wasu tsofaffin ma'aikatan meri,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru